Turaren rantsuwa: yadda mai kasko ta gyara wa mai alƙalami masarauta a Garwa

Ƙanwata, wadda muke 'ya'yan wa da ƙani, tana ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, a Garwa ta fara rubuta wani dogon labarin almara. Da Hausar boko take rubutawa a littafin makaranta, amma da yake matan unguwarmu sun fi sabawa da karatun Faransanci ko na ajami, sai ta riƙa karantawa da baki tana naɗa a waya, kashi-kashi, ana turawa ta WhatsApp. Ni ce mai dubawa kafin a naɗa, don ina koyarwa kuma an ɗauka na san ƙa'idar rubutu. Abin da zan kawo a nan ya shafi kashi ɗaya ne tak, na tara, wanda sai da aka rubuta shi sau uku, duk a kan maganar turare.

Masarautar da ta ƙirƙira tana kan wani tabki ne da ba a ganin ƙarshensa. Mutanenta na zaune a kan tsibiran ciyawa masu yawo bisa ruwa, yau iska ta kai su gabas, gobe ta dawo da su. Mace ke sarauta, hakimai goma sha biyu na ƙarƙashinta, kowa da tsibirinsa. Ba sai an faɗa ba, Tabkin Cadi ne ya ba ta hoton, da mutanensa Yedina, waɗanda Barebari ke kira Buduma, masu ɗaura jirgi da ciyawar ruwa. Ita dai ba ta taɓa zuwa can ba, a bakin fatake da littafin labarin ƙasa ta ji. Kashi na tara shi ne ranar naɗin sabuwar sarauniya, kuma ga yadda ta fara rubuta shi:

"Sai aka zuba turaren nan da babu irinsa a duniya, mai ƙamshi dubu da ɗaya. Hayaƙinsa ya turnuƙe fada, ya rikiɗe ya zama zinariya, ya je ya kewaye kan wadda ta cancanta."

Na karanta, na gyara mata ƙugiyar ƙ da ɗ a wurare biyar, na ce ya yi. Wannan laifina ne, kuma gara in faɗa tun yanzu.

Abin da Goggo ta ce

Lokacin bazara ne, watan Afrilu, sa'ad da zafin Garwa kan haura digiri 40, ba mai iya kwana a ɗaki. Bayan isha'i aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ƙanwata ta ce bari ta gwada karanta mana kafin ta naɗa. Cikin masu sauraro har da Goggo, yayar iyayenmu maza, wadda tun muna yara sana'arta haɗa turaren wuta da humra na amare. Ita ba ta sayen kayan haɗi a hannun dillalai in tana da hali. Mota take shiga ta bi ta Marwa, Mora, Waza har Kusiri, ta haye gadar Ngeli bisa kogin Logon ta shiga Injamena, ta zaɓo da hancinta.

Ana zuwa kan hayaƙin da ya turnuƙe fada sai Goggo ta yi tsaki.

"To ai an ƙona musu turaren ke nan, 'yar nan. Wuta ta yi yawa."

Ƙanwata ta ɗago kai. Goggo ta ce turaren kirki ba a zuba shi a kan garwashi mai ci bal-bal. Sai garwashin ya lafa, toka ta fara rufe shi, sannan a ɗora kaɗan, hayaƙin ya tashi siriri kamar zare. In ya turnuƙe ɗaki, ƙauri za a ji da tari, ba ƙamshi ba. Daga nan ta jero tambayoyi ba tare da ta jira amsa ba. Wa ya haɗa shi? Da wane itace? Su da aka ce a kan ciyawa suke zaune bisa ruwa, ina suka samo gawayi, kuma wane mai hankali ne zai hura wuta a kan busasshiyar ciyawa?

"Goggo, ai labari ne."

"Labari ne, amma tuwon da suka ci a kashi na uku ai kin faɗa mana da miyar kuka ce da bandar kifi. Shi na ji ɗanɗanonsa. Wannan turaren naki ban ji komai ba."

A nan matsalar take, kuma Goggo ta kama ta fiye da ni mai jan biro. Duk abin da ƙanwata ta sani da hannunta, kamar girki da saƙar tabarma, ta rubuta shi da sunansa da nauyinsa. Abin da ta ɗauka ya fi ƙarfin a yi masa bayani, wato turaren sarauta, sai ta lulluɓe shi da kirari: babu irinsa, dubu da ɗaya, zinariya. Kirari kuwa ba ya shiga hanci. Masu sauraronta mata ne da kowace ke da kasko a ɗaki, suna rarrabe sandal da hawi da gabgab ido rufe. Su ne mutanen da ya fi wuya a yaudara a wannan fannin.

Kwana uku a gindin murhu

Ƙanwata ta yi fushi kwana biyu ba ta taɓa littafin ba. A rana ta uku Goggo ta aiko a kira ta, wai tana da aikin wata amarya, hannu bai ishe ta ba. Ban sani ba ko da gaske hannun ne ya yi kaɗan. Na bi su na zauna.

Goggo ta baje kaya a tabarma: sassaƙen itacen sandal, kajiji da ake tonowa a fadama, jawul, madarar turare kwalba-kwalba, sukari, sai wani ƙulli na abubuwa masu kama da ƙumbar dabba. Ta ɗauki ɗaya ta jefa a garwashi ba tare da ta ce komai ba. Ƙarnin kifi da ƙaurin gashi suka tashi, har ƙanwata ta toshe hanci ta ja da baya.

"Farce ke nan," in ji Goggo. "Shi ne mafi tsada a nan bayan sandal."

Farce murfin bakin wani dodon koɗi ne na teku. Daga Bahar Maliya yake fitowa, ya ratso Sudan ya shigo Cadi, ta hanyar nan ta Abeshe da alhazan ƙasa suka daɗe suna bi da ƙafa da raƙumi zuwa Makka. Larabawa na ce masa azfar, kuma tsohon abu ne, don ya zo a hadisin Ummu Aɗiyya da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda aka hana mai takaba shafa turare amma aka yi mata rangwamen ɗan kusɗi ko azfar in ta yi wankan tsarki. Ɗanyensa ba ya amfanuwa. Sai an kankare naman da ya maƙale a jikinsa, an jiƙa, an wanke an sake wankewa, an soya har ya kumbura ya yi garas, sannan a daka. Yini guda suka yi a kan wannan kaɗai. Ƙanwata ta tambaya, to in ba shi da daɗin ƙamshi me ya sa ake wahala a kansa? Amsar da Goggo ta ba ta ita ce ta juya labarin gaba ɗaya, ko da yake a lokacin ba wanda ya lura:

"Farce ba ƙamshi ne aikinsa ba, riƙo ne. In babu shi, turare zai yi miki daɗi yau, jibi ki nema a jikin zane ki rasa."

Sauran aikin ya tafi yadda aka saba. A narka sukari, a juye itacen a ciki ana gauraya har ya kama, a sauke, sai ya huce kafin a zuba madarar turare don zafi na korar ƙamshinta, a cusa a kwalba a toshe, a ajiye makonni ya tsumu. Tukunyar farko da aka bar wa ƙanwata ta babbaka sukarin ya koma baƙi ƙirin, Goggo ta kwashe ta zubar tana salati tana lissafin sefa nawa ta yi asara.

Rubutu na biyu da na uku

Rubutu na biyu ba sai na daɗe a kansa ba. Ƙanwata ta dawo da zumuɗi ta zuba duk abin da ta koya, kashin ya koma kamar takardar cefane, shafi huɗu ana wanke farce, sarauniya na tsaye tana jira. Na soke fiye da rabi. Na ce mata ta zaɓi abu uku ko huɗu, kowanne kuma ya zama yana da abin da zai jawo wa wani mutum a cikin labarin, riba ko asara. Wanda bai jawo komai ba a bar wa Goggo kayanta.

A rubutu na uku ne turaren ya samu ƙa'ida. Hayaƙi ya daina zaɓen sarauniya. Mutane ke zaɓe, da gardama da ƙulle-ƙulle irin na ko'ina. Ranar naɗi kowane hakimi zai tuɓe babbar rigarsa, a haɗa da alkyabbar sarauniya, a kifa kabbasa guda a kan kasko guda a lulluɓa su duka, a turara su tare yayin da ake rantsuwar biyayya. Dokar masarautar ita ce rantsuwa na nan daram muddin ƙamshin na jikin riga. Kowa zai kai tasa gida ya kulle a adaka, duk shekara a fito da su a bainar jama'a a sansana. Ranar da aka sansana aka ji lami, hakimin ya kuɓuta, sai dai a sake sabuwar rantsuwa in ya yarda.

Da aka kafa wannan doka, mugun da ke cikin labarin ya samu abin yi. Ba sai ya tara runduna ba, ba sai ya sa guba ba. Ya isa ya sayi mai haɗa turaren ta bar farce a waje. Ranar naɗi ƙamshi ya cika fada, kowa ya yaba, bayan kwana arba'in riguna goma sha biyu suka wayi gari babu komai a jikinsu. Masarauta ta watse ba tare da ko mutum ɗaya ya karya alkawari ba. Kashi huɗu da suka biyo baya duk daga wannan suka fito, kuma asalinsu jimla ɗaya ce da Goggo ta faɗa tana daka a turmi.

Mai haɗin ma ta zama mutum. Ƙanwata ta sa mata sarautar Uwar Kasko, ta ce dole ta kasance wadda mijinta ya mutu, kuma daga ranar da aka ba ta aikin ba ta ƙara shafa turare har abada, don hancinta ya zauna da tsabta. Daga hukuncin takaba ta aro wannan, ta miƙar da wata huɗu da kwana goma ya zama rayuwa ɗungum. Mace ce da ke ƙamsasa kowa ita ba ta ƙamshi, kuma da mai sauraro ya gane haka ya riga ya fahimci ta inda za a iya sayenta.

Itacen da ke nutsewa

Gudummawata ɗaya ce, kuma ina alfahari da ita. Ƙanwata na neman itacen da zai zama uwar haɗin, ta ce ba ta son sandal don kowa na da shi. Sai na ba ta labarin itacen ud. Bishiyarsa a kudu maso gabashin Asiya take, daga Asam ta Indiya zuwa Kambodiya da Indunusiya, kuma lafiyayyarta ba ta da ƙamshi ko kaɗan. Sai ta ji rauni, wata cuta ta shige ta, sannan take fitar da wani baƙin ƙaro a cikin jikinta don kare kanta. Wanda ya ƙoshi da ƙaron nan nauyi yake yi har ya nutse a ruwa, shi ya sa Sinawa ke kiransa turare mai nutsewa. An sare shi har ya yi ƙaranci, tun 1995 aka fara sa shi cikin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Na kuma gaya mata akwai wani gungumensa guda a taskar Shosoyin da ke birnin Nara a Japan, ana kiransa Ranjatai, tsawonsa ya ɗan haura mita ɗaya da rabi, nauyinsa kilo 11.6. Masu mulki ƙalilan ne suka taɓa yankar wani abu daga jikinsa, cikinsu da Oda Nobunaga a 1574 da Sarki Meiji a 1877, kuma an liƙa 'yan takardu a wuraren da aka yanka.

Tana jin haka ta ajiye biro ta yi shiru. A duniyar da gida ke yawo, gona ke yawo, fada ke yawo, abin da zai fi komai tsarki shi ne itacen da ya ƙi tasowa. Ta sa gungume guda ɗaya tak a masarautar, ɗaure da sarƙa a ƙarƙashin tabki. Kowane naɗi sai mai nutso ya sauka ya yanko gwargwadon ɗan yatsa, a yi tsaga a jikinsa da sunan sarauniyar. Sarauniyoyi talatin da ɗaya sun wuce. Abin da ya rage bai fi na naɗi biyu ba, kuma Uwar Kasko da mai nutso kaɗai suka san haka.

A kan ƙaro kuwa mun yi 'yar jayayya. Ita luban take so, na Oman ko na Somaliya, don sunansa ya fi girma a kunne. Goggo ta ce me ya kai ta nesa alhali ga hano nan a duwatsun hanyar Marwa, bishiyar nan mai ɓawo fari-fari da ke saluɓewa kamar takarda, wadda wasu ke ce wa ararrabi. Gaskiyarta, hano da bishiyar luban dangi ɗaya ne, kuma ƙaronsa na ƙamshi a wuta. Yadda ake tatsar luban shi ne a tsaga ɓawon da rani, a bar shi kamar mako biyu ya yi hawaye ya daskare, kuma zubin farko ba shi ne mai kyau ba, sai na baya. Ƙanwata ta ɗauki wannan ta ba mutanen dutse, wata al'umma da mutanen tabki ke rainawa suna kira masu cin ƙura. Su ke da bishiyar. Duk shekara sai sarauniya ta aika musu kanwa da bandar kifi, kayan da tabkin gaskiya ma ya shahara da fitarwa, kafin su sako ƙaro. In sun ga dama su aiko da zubin farko don cin fuska. Maganar wutar da Goggo ta tayar ita ma ta samu gurbi: haramun ne a hura wuta a tsibirin fada, sai a ɗauko garwashi daga gaɓa cikin tukunyar yumɓu, a jirgi, tafiyar dare guda. In ya mutu a hanya an ɗaga naɗi sai baɗi.

Baffa

Akwai wani ƙorafi da ya taso ta wani ɓangaren. Baffa, mahaifinta, ya ji rubutun farko daga zaure, kuma bai ji daɗi ba. Ya kira ni gefe ya ce hayaƙin da ya san wadda ta cancanta ai gaibu ya sani ke nan, wannan kuwa ya yi kama da aikin 'yan bori da masu duba, ba ya so a ji muryar 'yarsa tana yawo a wayoyin mutane da irin wannan. Na ce masa tatsuniyoyin da aka rene mu da su cike suke da dodanni da aljanu. Ya ce dodo daban, turare daban, don turare ana ƙona shi a gidajenmu da masallatanmu, ana turara likkafani da shi, ba abin wasa ba ne.

Rubutu na uku ya kashe wannan magana ba tare da an yi niyya ba, tunda hayaƙin ya daina sanin komai, ya koma shaida kawai kamar hatimi a takarda. A ganina Baffa ya yi daidai, amma ba don dalilin da ya kawo kaɗai ba. Hayaƙin da ke nuna mai gaskiya yana kashe labari, domin da zarar ya nuna, ba sauran shakka, ba sauran abin jira. Inda ban bi shi ba shi ne wata 'yar waƙa da mata masu daka farce ke yi wa gungumen, baiti shida, wadda ƙanwata ta cire don kada ya ce roƙon itace ake yi. Waƙar aiki ce irin ta masu daɓe, kuma ita ce mafi daɗin abin da ta rubuta a kashin. Har yanzu ina da takardar a jakata.

Bayan an naɗa

Da kashin ya fita, abin da na lura da shi shi ne irin tambayoyin da suka riƙa dawowa. Da can sai a ce Allah ya ƙara basira, a wuce. Yanzu wata ta aiko tana tambaya ko Uwar Kasko ta soya farcen ne ta ɓoye ko ko zubarwa ta yi, don in ta ɓoye za a iya kama ta da ƙarninsa. Wata daga Marwa ta ce ita ba ta yarda ƙamshi ya shekara a jikin riga ba. Goggo ma ta ce an yi ƙari a nan, amma ta bari ya wuce tunda a adaka rigunan suke kulle ba a wanke su. Kwana arba'in ɗin kuwa ta ce an yi wa Uwar Kasko alfarma, turaren da ba farce ba zai kai haka ba.

Sai kuma uwar wata amarya ta zo har gida ta ce ita turaren sarauniya take so a sa wa 'yarta a kaya. Goggo ba ta yi wata-wata ba. Ta haɗa sandal a madadin itacen nutso, ta sa ƙaron hano da kajiji, ta ninka farce, ta karɓi kuɗinta. Ƙanwata ta zo tana kumfar baki, wai a labarin duk wanda ya sayar da ko ƙwayar turaren nan ɗaure shi ake yi da dutse a jefa a tabki.

"A masarautarki ke nan," in ji Goggo. "Nan Garwa ce."

Ta dai ba ta kwalba ɗaya ƙarama a matsayin ladan suna, ta ce kada ta buɗe sai bayan sallar layya.

Labarin ya tsaya a kashi na goma sha huɗu wajen wata guda, don ƙanwata ta rasa yadda za ta yi in gungumen ya ƙare. Ta yi tunanin a gano wani sabo a ƙarƙashin ruwa, na ce wannan sauƙin ya yi yawa. Ta kai wa Goggo kuka tana tsaka da tankaɗe garin kajiji. Goggo ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce in itace mai tsada ya yi ƙaranci ai an san abin da 'yan kasuwa ke yi: a samo itacen banza a rina shi baƙi, a jiƙa shi da madarar turare, a cusa masa ɗan ƙarfe a ciki ya yi nauyi. Ƙanwata ta tambaya to wa zai gane. Goggo ta ce mai nutso, don hannunsa ya san nauyin na gaske, sai dai in shi ma an ba shi nasa kason.